Caca da Ƙaryar Shekaru a Wasannin Ɗalibai: A Kan Wa Hukunci Zai Fara Sauka?

Gundumar Gidan Rumji ta jihar Maraɗi, wadda ta haɗa Tibiri, Cadakwari, Gidan Sori, Saye Sabuwa da shi kansa garin Gidan Rumji, ta haura mutum rabin miliyan tun a ƙidayar 2012, kuma kamar sauran Nijar, yara da matasa ne suka fi yawa a cikinta. Wasa biyu ne suka mallaki zuciyar samarinta: kokowa, da ake buɗe fagenta da zarar gero ya shiga rumbu, da tamola, da ake bugawa a filin makaranta da yamma, a kalli ta Turai da dare a gidan kallo. A 'yan shekarun nan wani baƙo ya shigo tsakaninsu, wato cacar wasanni ta wayar salula, wadda ba ta buƙatar shago ko dillali, sai layi da 'yan kuɗin da ke cikin waya. Yankin yana kan iyaka da Najeriya, inda kamfanoni irin su Bet9ja da SportyBet suka yi kaka-gida, kuma abin da ya zama ruwan dare a can ba ya daɗewa bai tsallako ba. Saboda haka ranar da za a kama ɗalibi ya zuba kuɗi a kan wasan da yake ciki tana tafe, kamar yadda rigimar shekarun 'yan wasa ta riga ta zauna daram. Abin da ya kamata a tsayar tun yanzu shi ne wanda za a hukunta, da dokar da za a hukunta shi da ita. Tarihin ƙasashen da suka riga mu shiga wannan hali ya nuna cewa manya ne ke kwashe riba, yaro kuma ya ɗauki hukunci shi kaɗai. Duk dokar da ba ta gyara wannan karkata ba, ba za ta tsare wasa ba, ba kuma za ta tsare yaron ba.

Darasin jami'o'in Amurka

Babu inda wannan rigima ta fito fili kamar Amurka, inda wasannin jami'o'i babbar kasuwa ce da ƙungiyar NCAA ke kula da ita. A watan Mayun 2018 Kotun Ƙolin ƙasar ta soke dokar tarayya ta 1992 da ta hana yawancin jihohi halatta cacar wasanni. Cikin shekara biyar fiye da jihohi 30 suka buɗe ƙofa, kuma a 2023 kaɗai Amurkawa sun zuba kusan dala biliyan 120 ta halattattun hanyoyi. Wani bincike da ita NCAA ta fitar a wannan shekarar ya nuna cewa kashi 58 cikin 100 na matasa 'yan shekara 18 zuwa 22 sun taɓa yin cacar wasanni. Su kansu jami'o'in ba su tsaya gefe ba: jami'ar Colorado ta ƙulla yarjejeniyar talla da kamfanin PointsBet a 2020, jami'o'in Michigan State da LSU kuma suka ƙulla da Caesars, har sai da surutun jama'a ya sa aka warware. Ma'ana, a lokacin ɗalibin da dokar wasa ta hana shi taɓa caca yana zaune a makarantar da ke karɓar kuɗin tallata ta, abokan ɗakinsa suna yi a gabansa, tallar kuma tana bin sa har cikin waya.

A watan Mayun 2023 abin ya fashe a jihar Iowa. Jami'ar Iowa ta bayyana cewa 'yan wasanta 26 na cikin bincike, jami'ar Iowa State ta ce nata kusan 15 ne, cikinsu har da 'yan kokowa. Da yawa ba su kai shekara 21 da dokar jihar ta gindaya ba, sai suka yi amfani da asusun iyaye ko na 'yan uwa. Hunter Dekkers, jagoran 'yan ƙwallon Amurka na Iowa State, ya rasa gurbinsa domin cikin wasannin da ya zuba wa kuɗi har da na ƙungiyarsa. Noah Shannon na jami'ar Iowa kuwa a kan wata ƙungiyar makarantarsu ya zuba, ba tasa ba, amma aka dakatar da shi kakar wasa sukutum, wadda ita ce ta ƙarshe a gare shi. A watan Maris na 2024 mai gabatar da ƙara ya janye tuhuma a kan huɗu daga cikin 'yan wasan Iowa State, bayan ta bayyana cewa masu bincike sun wuce iyaka wajen amfani da manhajar bin sawun wayoyi. Kafin nan kakar wasa ta wuce, suna ya ɓaci, kuma kotu ba ta iya mayar wa saurayi shekararsa ta 22. Ita NCAA sai da ta sauya ma'aunin hukuncinta sau biyu cikin shekarar 2023, ana tsakiyar rikici. Ta ware wanda ya ci amanar wasansa, ta ce korarsa ta har abada ce, daga wanda ya zuba ƙasa da dala 200 a kan wasan ƙwararru da ba ruwansa da shi, ta ce wannan wa'azi da faɗakarwa ya ishe shi. Wannan bambanci daidai ne, sai dai ya zo bayan an riga an yi wa wasu yankan da ba ya ɗinkuwa.

Inda ɓarnar take farawa a wajenmu

Wanda zai ce wannan matsalar masu arziki ce, ya tuna cewa ɗaya daga cikin sunayen da suka fi fitowa a tarihin sayar da wasa a duniya na ɗan Nijar ne, kuma ba ɗalibi ba ne. A watan Janairun 2019 kwamitin ɗa'a na FIFA ya haramta wa tsohon alƙalin wasa Ibrahim Chaibou shiga harkar ƙwallo har abada, tare da tarar kuɗin Suwizalan 200,000, bisa samun sa da karɓar cin hanci. Shi ya hura wasan sada zumunta da Afirka ta Kudu ta lallasa Gwatamala da ci 5 da nema a ƙarshen Mayun 2010, dab da gasar cin kofin duniya, wasan da fenariti masu ɗaure kai suka cika shi. Shi ne kuma a Abuja ranar 1 ga Yunin 2011, lokacin da Najeriya ta ci Ajantina 4 da 1: an ɗaga minti biyar na ƙari, wasa ya zarce zuwa na takwas, aka ba Ajantina fenariti, ƙwallo ta biyar ta shiga, daidai da abin da kuɗi masu yawa suka karkata a kai a kasuwannin caca. Ya sha musanta zargin, amma hukuncin FIFA ya tabbata. An danganta wasan Afirka ta Kudu da gungun Wilson Raj Perumal, ɗan Singafo da ya yi ƙaurin suna a wannan sana'a, kuma saboda hulɗa da shi ne FIFA ta dakatar da tsohon kocin Najeriya Samson Siasia a 2019, kafin kotun wasanni ta duniya ta rage hukuncin zuwa shekara biyar.

Haka abin yake a ƙananan gasa. A watan Yulin 2013 a Bauchi, ƙungiyoyi biyu da ke neman hawa mataki na gaba da bambancin ƙwallaye suka ci abokan karawarsu 79 da nema da kuma 67 da nema, mafi yawan ƙwallayen bayan an dawo hutun rabin lokaci. Hukumar ƙwallon Najeriya ta kori 'yan wasa da jami'ai har abada, ta dakatar da ƙungiyoyin huɗu shekara goma. Ba caca ce ta haddasa wannan ba, kwaɗayin matsayi ne, amma darasin ɗaya ne: yaro ɗan shekara 18 ba ya shirya irin wannan shi kaɗai. Akwai mai ƙungiya da ya yi ciniki, akwai koci da ya ba da umarni, akwai alƙali da ya kau da kai. Ɗan wasa shi ne na ƙarshe a jerin, shi ne kuma wanda ido ke gani a fili. In ɓera da sata, daddawa ma da wari.

Takardar haihuwa da haƙƙin shiga gasa

Ɗaya ɓangaren rigimar, wato wa ya cancanci shiga gasa, ya fi kusa da Gidan Rumji fiye da caca ma. A Amurka gardamar tana kan yawan shekarun da ɗalibi ya buga da dokokin da ya karya. A nan tana kan ranar da aka haife shi. A 2009 aka kori Nijar daga gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 17 a Aljeriya kan batun shekarun ɗan wasa, bayan ta riga ta tsallake zagayen rukuni, Malawi ta gaji gurbinta ta tafi gasar duniya. A shekarar ce FIFA ta fara amfani da hoton MRI na wuyan hannu don tantance shekaru. A watan Agustan 2016 kuma reshe ya juya da mujiya: 'yan wasan Najeriya 26 suka faɗi wannan gwaji ana dab da karawa da Nijar, Nijar ta fitar da mai riƙe da kofin duniya, daga bisani ta je gasar duniya ta 2017 a Indiya. A duka lokutan biyu sunan yara ne ya shiga jarida, su aka sallama daga sansani, alhali ba yaro ne ke buga tambari a kan fasfo ba.

Tushen matsalar yana ƙauye. Binciken lafiya da ƙidayar iyali na 2012 ya nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na ƙananan yaran Nijar ba a yi rajistar haihuwarsu ba, kuma giɓin ya fi faɗi a karkara. Jariran wancan lokaci su ne samarin da ke kolejoji da fagagen wasa a yau. Wanda aka haifa a gida, wa'adin rajista ya wuce, sai ya nemi takardar hukuncin kotu da ke maye gurbin ta haihuwa, galibi idan jarrabawa ta matso, bisa shaidar mutane da ƙiyasin shekara. Wannan hanya rahama ce ga dubban yara, domin ba don ita ba da karatunsu ya tsaya, amma ita ce kuma ƙofar da mai son rage wa ɗan wasa shekara uku yake bi. A Gidan Rumji akwai ƙarin nauyi: tun 2019 dubban iyalai da suka gudo daga hare-haren 'yan bindiga a Sakkwato, Zamfara da Katsina suka zauna a yankin, har aka tsugunar da wasu a Garin Kaka, Ɗan Daji Makau da Cadakwari. Yaron da ya tsere da rigar jikinsa ba zai nuna takardar asibitin da aka haife shi ba. Dokar da ta ce duk mai takarda mai rauni maƙaryaci ne za ta rufe fili ga talaka mai gaskiya, ta bar shi a buɗe ga wanda ke da kuɗin sayen takarda mai tsabta.

Hujjojin masu ja

Hujja mafi ƙarfi ita ce ta addini, kuma dole a ba ta girmanta. Jama'ar Maraɗi Musulmi ne, Alƙur'ani ya haramta caca a suratul Ma'ida tare da giya, don haka wasu za su ce rubuta dokar da ta kasa laifin caca mataki-mataki tamkar sassauta haram ne, abin da ya dace shi ne a hana ta baki ɗaya. Haramcin yana nan yadda yake, kuma babu hukumar wasa da ke da ikon taɓa shi. Sai dai tambayar da ke gaban shugaban makaranta daban ce: an kama yaro, me za a yi da shi gobe da safe? Shari'a da kanta ta san bambancin laifi da laifi, ta san shaida, ta san tuba. Game da hanawa kuwa, Kano ta gwada: a 2024 Hisbah ta rufe shagunan caca da dama, kuma a watan Nuwamban shekarar Kotun Ƙolin Najeriya ta soke dokar caca ta tarayya ta 2005, ta mayar da ikon hannun jihohi. Rufe shago yana rage gayyata a bakin titi, wannan alheri ne, amma ba ya shiga aljihun da waya take. A Nijar ma lamarin ya fi sarƙaƙiya, domin gwamnati da kanta tana da kamfanin caca, LONANI, wanda ya daɗe yana sayar da tikitin tseren dawakin Faransa. Hukumar da ke cin kuɗin caca ba ta da bakin da za ta ce laifin duka na yaro ne.

Hujja ta biyu ita ce babu mai zuba kuɗi a kan wasan kolejin Tibiri da na Cadakwari, samari a kan Real Madrid da Arsenal suke asara, to me ya haɗa wannan da tsabtar wasanmu? Bashi ne ya haɗa su. Ɗan wasan da ya cinye kuɗin makarantarsa a kan wasan Turai ya zama mai sauƙin saye a wasan gida, kuma masu cinikin wasa a ko'ina sun fi son fagen da babu kyamara, babu albashi, babu mai bin diddigi. Ɗalibin yau shi ne zai sa rigar ƙungiyar Ɗan Kasawa ko Jangwarzo gobe, wataƙila ma ta Mena, ƙungiyar ƙasa. Filin wasa na Maraɗi ya riga ya karɓi wasannin gasar Afirka ta 'yan ƙasa da shekara 20 a 2019, wadda kamfanonin caca na duniya ke sa irinta a allunansu. Kokowa ta fi kowane wasa shiga haɗari, domin mutum ɗaya ne ke yanke sakamakonta, faɗuwa ɗaya an gama. Gasar takobi da aka fara a Tawa a 1975, wadda Kantu na Maraɗi ya fara lashewa, yanzu tana tara 'yan kokowa 80 daga jihohi takwas, ana ba gwarzonta takobi da miliyoyin sefa, ƙasa duka tana kallo. Darajarta ta dogara ne kacokan a kan yardar ɗan kallo cewa wanda ya faɗi kayar da shi aka yi. Ranar da wannan yarda ta tsage, kiɗa da kirari ba za su ɗinke ta ba.

Hujja ta uku ta masu tsanani ce: ɗalibin jami'a baligi ne, ya san abin da yake yi, sassauci kuma yana koya wa na baya raini. Akwai gaskiya a nan, kuma wanda ya sayar da wasansa, ya zubar da ƙwallo da gangan ko ya kwanta a fage don kuɗi, ya ci amanar abokansa da garinsu, kora ce ta dace da shi. Amma tsananin da bai san bambanci ba yana haifar da ɓoyo. Idan wanda ya zuba jaka ɗaya a kan wasan Ingila da wanda ya sayar da wasan ƙarshe hukuncinsu ɗaya ne, babu yaron da zai je wurin malaminsa ya ce wani ya tare ni da tayin kuɗi, domin ya san za a tono wayarsa a ga nasa ƙaramin laifin. Masu cinikin wasa da wannan tsoro suke farauta. Dokar FIFA ta hana duk ɗan ƙwallo da jami'i caca a kan ƙwallo, tarar da ta yanka kuma tana farawa daga kuɗin Suwizalan 100,000, sama da sefa miliyan 60. An auna wannan ne da aljihun ƙwararrun Turai irin su Sandro Tonali da aka dakatar wata goma, ko Ivan Toney da ya sha wata takwas. Ga ɗan kolejin Saye Sabuwa lamba ce kawai da ba ta tsoratarwa ba ta gyarawa. Haka shi ma gwajin MRI ba alƙali ba ne: ƙiyasi ne daga haɗewar ƙashi, jikin yara yana bambanta, an tsara shi don iyakar shekara 17 kawai, kuma babu makarantar karkara da za ta iya biyan kuɗinsa.

Abin da za a iya yi tun yanzu

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi masu yawa, yana buƙatar a rubuta shi kafin a san sunan wanda zai fara faɗawa. Hukumar ƙwallo ta FENIFOOT, da hukumar kokowa, da ma'aikatun ilimi da na wasanni, da jami'ar Ɗan Dikko Ɗankulodo ta Maraɗi suna iya fitar da doka gajera, da Hausa da Faransanci, a karanta wa 'yan wasa ita a farkon kowace gasa, ta raba laifi gida uku: sayar da wasa, caca a kan gasar da mutum yake ciki, da caca a kan wasan da ba nasa ba. Na farko kora, na biyu dakatarwa mai wa'adi, na uku nasiha da sa ido, tare da kariya ga duk wanda ya kai rahoton tayin da aka yi masa. Kada a dakatar da ɗalibi sai an saurare shi gaban mutanen da ba su da ƙungiya a gasar, a yanke hukunci cikin kwanaki, a ba shi damar ɗaukaka ƙara, kuma kada hukuncin fili ya zama korar aji. Game da shekaru, rajistar shiga aji ɗaya na firamare ta fi kowace takarda wuyar murɗawa, domin an rubuta ta tun ba wanda ya san yaron zai iya ƙwallo. A ɗauke ta a matsayin ma'auni, a kuma kai kotunan tafi-da-gidanka masu ba da takardun haihuwa makarantun firamare tun yara suna ƙanana, har da na 'yan gudun hijira. Idan aka kama takardar ƙarya, koci da shugaban ƙungiya da jami'in da ya sa hannu su ɗauki hukuncin da ya fi na yaron nauyi.

Saura kamfanonin caca, waɗanda su ne ke cin riba a kowace asara. A 2024 jihohin Ohio, Maryland da Louisiana sun hana caca a kan abin da ɗalibi ɗaya zai yi a cikin wasa, domin ita ce mafi sauƙin murɗawa, ita ce kuma ke jawo wa yara zagi da barazana daga waɗanda suka yi asara. Nijar tana da damar yin abin da ya fi haka tun kasuwar ba ta yi ƙarfin da za ta murɗe hannun hukuma ba: a hana duk kamfanin da ke da lasisi sa wasannin makarantu, na matasa da na kokowa a allonsa, a hana tallarsa a harabar makaranta da jikin rigar ɗalibi, a kuma tilasta masa tantance shekarun mai asusu ta hanyar kamfanonin waya da kuɗin ke bi ta cikinsu. Iyaye, malamai da sarakunan yankin suna da hurumin neman wannan da babbar murya, domin 'ya'yansu ne za su tsaya gaban kwamiti ranar da abin ya faru. Yaron da aka gaya wa doka, aka tsare shi daga mai tayi, aka ba shi takardar da ke faɗin gaskiyar shekarunsa, idan ya ci amana bayan haka, babu mai yi masa kuka. Kafin a yi masa waɗannan uku, haƙƙinsa ne ke wuyan manya.